Shekara guda ina ziyarar marasa lafiya da KoboCollect

Aikina bin gida-gida ne, ina koya wa masu shanyewar ɓarin jiki yadda za su koma yi wa kansu hidima: cin abinci, sa riga, shiga banɗaki. Mu huɗu ne a ƙarƙashin jami'a ɗaya, kuma a da kowa da littafinsa. Idan abokiyar aikina ta tafi hutun haihuwa, bayanan marasa lafiyarta sun tafi da ita a jaka.

Bara aka ɗora mana KoboCollect, manhajar cike fom da tattara bayanai, a wayoyinmu na Android. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta buƙatar intanet yayin cike fom. Ina zaune a tabarma a ƙauyen da ko kira ba ya shiga, in cike, in ajiye, sai na hau titi sabis ya dawo in tura. Kafin in isa gida jami'armu ta gani a kwamfutarta. Tambayoyin ma da Hausa aka saka mana.

Ma'aunin Barthel muke bi, wanda ake auna yadda mara lafiya ke iya yi wa kansa hidima da shi, abubuwa 10, maki daga 0 zuwa 100. Akwai wani dattijo da na fara gani bai iya riƙe cokali ba. Muka naɗe masa hannun cokalin da tsumma ya yi kauri, na ɗauki hoto da izininsa na haɗa da fom ɗin. Da wata abokiyar aikina ta karɓe ni bayan wata biyu, ba ta sake tambayarsa daga farko ba, ta ɗora daga inda na tsaya.

Ƙorafina na kan wanda ya tsara mana fom ɗin ne. Ma'aunin ya tambayi hawa bene, alhali yawancin gidajen da nake shiga ba bene. Dattijon nan kuwa, ranar farko da ya buɗe baki cewa ya yi, "'Yata, yaushe zan iya alwala da kaina?" Babu gurbin alwala, babu na tsuguno, babu na cin tuwo da hannu. Sai da muka nace aka ƙara mana wurin naɗar murya, a nan nake zuba irin waɗannan.

Duk mai shirin amfani da KoboCollect, ya sa wa wayar mabuɗin sirri, domin sirrin mutane ne a ciki. Ya kuma tanadi abin caji na tafi-da-gidanka, don ɗaukar hoto da ɗaukar wurin da gida yake a taswira na shan batir sosai.