Famfon Sola Mai Ƙarfin Doki Ɗaya a Ƙaramin Lambu, Tsakanin Bazara da Farkon Damina

Wanda yake son sanin ingancin famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana bai kamata ya yanke masa hukunci a watan Disamba ko Janairu ba, lokacin da ruwa yake kusa a rijiya, gari yake da sanyi, shuka kuma ba ta sha da yawa. Lokacin gwajinsa na gaskiya shi ne daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, domin a makonnin nan ne ruwan rijiya yake yin ƙasa fiye da kowane lokaci a shekara, zafi bai gama sauka ba, gajimare yake fara tare rana, ruwan sama kuma yake zuba sau ɗaya ya ɗauke na tsawon kwanaki. A kan wannan tsakani na gina abin da zan faɗa game da famfon da nake amfani da shi a wani lambu da na karɓi hayarsa a wajen Tamburawa, kan hanyar Zariya daga Kano, wanda girmansa fuloti biyu ne masu ƙafa 50 da 100.

Dalilin da ya sa masu lambu suka koma wa sola ba ɓoyayye ba ne. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Manomin da yake cikin aikin noman rani na Kadawa, a Kura ko Bunkure ko Garun Malam, yana samun ruwan Dam ɗin Tiga ta magudana, amma mai ƙaramin lambu a bayan gari ba shi da abin dogaro sai rijiyarsa da injinsa, kuma alayyafo da yakuwa ba sa kawo kuɗin da zai ɗauki nauyin fetur kullum.

Famfon irin wanda ake zurawa cikin ruwa ne, mai kaurin inci 3, mai ƙarfin wat 750, wato kusan doki ɗaya, kuma yana aiki kai tsaye da wutar farantin sola ba tare da batir ba. Ya zo da akwatin kwantrola, wato na'urar da ke daidaita wutar da faranti ke ba famfon, da na'urar gane ƙarewar ruwa, sannan na haɗa shi da farantan sola uku masu wat 350 kowanne. A jikin kwalinsa an rubuta cewa yana ba da lita 3,500 a awa, yana kuma tura ruwa har mita 95. Duka lambobin biyu za su iya zama gaskiya, sai dai ba a lokaci ɗaya ba, kuma wannan ne abin da masu shago ba sa bayyanawa: adadin farko ana samunsa ne idan famfon ba ya ɗaga ruwan zuwa ko'ina, na biyun kuwa shi ne tsawon da idan ya kai, ruwan ya daina fitowa. Abin da mai lambu zai samu yana tsakanin biyun, gwargwadon zurfin rijiyarsa da tsawon mesarsa da kaurinta.

Hanyar da nake aunawa mai sauƙi ce, kowa zai iya yinta da duro mai lita 200 da agogon waya. A rana mai haske, tsakanin ƙarfe 11 na safe da 2 na rana, duron yana cika cikin kimanin minti shida, wanda ya kama lita 2,000 a awa. Da hantsi yakan ɗauki kusan ninkin wannan lokaci, bayan la'asar kuma ruwan yana zama siriri har ya tsaya. A lissafin da masana ban ruwa suke yi, milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, kayan lambu kuma a tsananin zafi suna buƙatar milimita 6 zuwa 8 a rana. Fuloti biyu sun kai murabba'in mita 930, don haka buƙatar lambun tana wajen lita 6,500 a rana idan an shuke shi kaf. Famfon yana biyan wannan buƙata har da rara a ranar da sama take tas. A nan ba ni da ƙorafi, kuma shirun da yake aiki da shi, babu hayaƙi babu jan igiya babu canjin baƙin mai, abu ne da sai wanda ya shekara yana fama da injin fetur zai san darajarsa.

Mutane da yawa suna zaton tsananin zafin Mayu ƙarin ƙarfi ne ga faranti, alhali ba haka ba ne. Haske faranti yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Farantin da yake shanye a ranar Kano da azahar yana iya haura digiri 60, wato ya yi asarar fiye da kashi goma cikin ɗari tun kafin a yi maganar ƙura. Saboda haka ne bai kamata ƙarfin faranti ya zama daidai da na famfo ba, sai ya ɗara shi da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma a kafa shi a sama da ƙasa yadda iska za ta riƙa ratsa bayansa. Akwai kuma batun karkata. Kano tana kan layin digiri 12 arewa, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta ɗan arewa da tsakiyar kai, don haka farantin da mai haɗawa ya jingine shi sosai yana kallon kudu yana yin asara daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Karkata kaɗan, wadda za ta bar ruwan sama ya gangare da ƙura, ita ce daidai.

Babban rauninsa yana bayyana ne da zarar hadari ya fara haɗuwa. Gajimare mai kauri idan ya tare rana, ana jin sautin ruwan yana canzawa a bakin mesa, ya yi ƙasa, ya tsinke, fitilar kwantrola ta koma ja, sannan bayan 'yan mintoci famfon ya sake gwada tashi. Da a ce duk hadarin da ya haɗu yana zubar da ruwa, da babu damuwa, amma farkon damina a ƙasar Kano ba haka yake ba. Sau da yawa gari yakan wuni a lumshe, iska ta taso da yamma ta watsa hadarin, a kwana babu ko ɗigo, mai lambu ya rasa ruwan sama ya kuma rasa na rijiya. Shukar da ta yi ƙwari tana jure kwana ɗaya ko biyu, amma irin attaruhu da tattasai da ake reno a fangali, da kuɓewar da ta fito da ganye biyu, ba sa jurewa.

Rauni na biyu ba laifin famfon ba ne, amma wanda zai saya dole ya sa shi a lissafi. A ƙarshen Mayu rijiyata ba ta iya ciyar da shi fiye da minti arba'in a jere. Ruwan yana ja da baya, ya fara fitowa da kumfa da yashi, na'urar gane ƙarewar ruwa ta kashe famfon, a jira rijiya ta sake tarawa. Wannan na'ura ita ce abin da na fi yabawa a duk kayan, domin famfon da ya yi ta juyawa babu ruwa ƙonewa yake yi, kuma na ga maƙwabcin da mai haɗa masa ya cire ta don ya huta da jan waya, bai kai damina da famfonsa ba. Yashi ma yana cin kayan ciki a hankali, musamman a irin famfon da yake da dunƙulen ƙarfe mai murɗiya a cikin roba, wanda ya fi araha. Wanda rijiyarsa take kawo yashi gara ya nemi mai farfela, ya kuma rataye shi aƙalla mita ɗaya sama da gindin rijiya da igiya mai ƙarfi, ba da wayar wuta ko mesa ba.

Duk waɗannan matsaloli suna komawa ga abu ɗaya, shi ne cewa famfon sola ba tare da tanki ba rabin kaya ne. Yana da ƙarfi ne da tsakar rana, lokacin da ban ruwa ya fi zama ɓarna saboda tururi, kuma ba shi da ƙarfi da sassafe da yamma, lokacin da shuka ta fi amfana. Tankin roba mai lita 2,000 a kan dakali ko ƙarfe mai tsawon mita biyu ya sauya mini tsarin aikin gaba ɗaya: famfo yana cika shi da rana, ni kuma ina sakin ruwa bayan la'asar da kuma bayan asuba, ranar da gari ya lumshe kuma akwai abin da zai ceci fangalin reno. Da za a tambaye ni, zan ce mutum ya sayi ƙaramin famfo da babban tanki ya fi ya sayi babban famfo ya bar tanki sai wata shekara. Rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa yana rage shan ruwa ƙwarai, kuma ba ya cin kuɗi.

Inda famfon ya biya kuɗinsa shi ne damar riga damina. Kuɓewar da aka shuka a tsakiyar Mayu da ruwan rijiya tana fara 'ya'ya bayan kwana 50 zuwa 60, wato tana isa kasuwar 'Yankaba a farkon Yuli, kafin kuɓewar damina ta cika kasuwa farashi ya faɗi. Alayyafo yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, yakuwa da lalo da rama ba sa tsoron zafi matuƙar gindinsu da laima. Dashen mangwaro mai aure da gwaiba da lemo, wanda bisa al'ada ake jira sai ruwa ya zauna, ana iya sa shi a rami tun ruwan farko ba tare da fargabar ɗaukewar ruwa ba, ya samu damina cikakkiya yana kafa saiwa. Gwanda ma haka, sai dai a dasa ta a tudu domin ba ta son ruwa ya kwanta mata. Tumatir kuwa ruwa kaɗai ba ya warware matsalarsa a wannan lokaci. Idan zafin rana ya wuce digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, fure zubewa yake yi ko da fangali yana jiƙe, ga kuma tsutsar nan da manoma suke kira sharon, wadda ta yi wa Kano da Kaduna mummunar ɓarna a 2016. Wanda ya sayi famfo da burin cin kasuwar tsadar tumatir ta Yuni ya fara neman iri mai jure zafi da inuwar raga tukuna.

Game da shagon da na saya a Sabon Gari, an karɓe ni da mutunci, an kuma gwada famfon a gabana cikin duro, amma garantin na baki ne kawai. Da na nemi a rubuta a rasit, sai mai shagon ya ce, "Haba Malam, ai mun zama ɗaya, in ya samu matsala ka kawo." Ban bar wurin ba sai da aka rubuta wata shida tare da lambar da ke jikin famfon. Wayar da suka haɗo da ita siririya ce, tana ɗumi a hannu da tsakar rana, alamar wuta tana salwanta a hanya, sai da na sauya ta da mai kaurin milimita 4 kafin ruwan ya daidaita. Araha ba ta ado, kuma a faranti abin ya fi muni, domin akwai waɗanda lambar da aka manna musu ta fi ƙarfinsu na gaskiya. Ya kamata mai saya ya je da wanda ya san aikin, a fito da farantin rana, a auna shi da mita kafin a biya. Kayan gyara ma sai an tambaya tun farko, musamman kwantrola, wadda ita ce ta fi saurin mutuwa idan tsawa ta faɗi kusa ko ruwa ya shige ta.

Iskar farkon damina tana ɗaga farantin da aka ɗora a kan bulo ko aka ɗaure da waya, don haka ƙarfen da zai riƙe shi sai an binne ƙafafunsa da kankare. Ɓarayi kuma sun san darajarsa fiye da kowa. A lambun da babu mai gadi, masu lambu da yawa sun gwammace su kwance farantan kowace yamma su kai gidan da ke kusa a baro ko a amalanke, wanda aiki ne mai gajiyarwa, kuma gilashin yana tsagewa idan ana yawan jigila. Mu a wajenmu mun haɗa kuɗi mu huɗu muka ɗauki mai gadi ɗaya, kuma wannan kuɗi yana cikin abin da ya kamata a lissafa kafin a ce sola kyauta ce.

Ga mai fuloti ɗaya zuwa uku, wanda nisan ruwan rijiyarsa daga bakinta bai wuce mita 15 zuwa 20 ba a ƙarshen bazara, ina ganin wannan famfo ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin tanki da waya mai kauri da na'urar gane ƙarewar ruwa. Wanda yake da kadada guda ta albasa ko masara da yake malala wa ruwa ta kwalbati, doki ɗaya ba zai ishe shi ba, sai ya nemi mai inci 2 a baki da faranti masu yawa. Tsohon injin fetur kuma ban ba da shawarar a sayar da shi a shekarar farko ba. Nawa yana ɗaki da galan ɗaya na mai, kuma a watan Yuni na tashe shi a ranakun da gari ya lumshe a jere har tanki ya ƙare alhali attaruhu yana fangali.