Littafi, bidiyo ko na'urar lissafi: me za a fara saya don koyon ka'idar hargitsi?

Duk malami ko uba a Maradi da ke son fahimtar da ɗan makaranta ka'idar hargitsi, ya kamata ya san abin da yake nema kafin ya sa hannu a aljihu. Ka'idar tana magana ne kan tsarin da ke bin doka sau da ƙafa, amma ɗan bambanci a farkonsa yakan yi ta girma har hasashe ya gagara. Edward Lorenz, masanin yanayi a Amurka, ya gamu da wannan a 1961, lokacin da ya maimaita wani lissafin yanayi, ya ba kwamfuta 0.506 maimakon 0.506127, sai yanayin da ta fitar ya sha bamban da na farko. Shi ya sa ba a iya gaya wa manomin gero na Madarunfa ranar da ruwa zai sauka wata guda kafin lokacin.

Littafin da marubuci James Gleick ya fitar kan wannan ka'ida a 1987 yana da fassarar Faransanci, kuma ya fi ba da labarin masanan fiye da lissafi, sai dai harshensa ya yi wa ɗan koyo nauyi. Malami ya fi dacewa da shi. Fim ɗin da masanin lissafi Étienne Ghys da abokan aikinsa biyu suka shirya kan ka'idar a 2013 kyauta ne a intanet, kashi tara, kowanne minti 13, don haka kuɗin data kawai za a kashe, sannan a raba shi waya zuwa waya.

Mai walda kuwa yana iya haɗa lilo mai gaɓa biyu da guntayen ƙarfe, wato sanda biyu, ɗaya rataye a ƙarshen ɗaya, wanda jujjuyawarsa ke nuna hargitsi a fili. Yara kan so shi ƙwarai, amma a duba mahaɗin da kyau, domin idan ya cije, lilon zai tsaya kafin a ga komai.

A ganina, ƙaramar na'urar lissafi ta kasuwa ita ce abin fara saya. Yara biyu su zauna kusa da juna, ɗaya ya ɗauki 0.3, ɗayan 0.3001. Kowanne ya cire lambarsa daga 1, ya ninka abin da ya rage da lambar, ya sake ninkawa da 4, sannan ya maimaita da amsar da ya samu. Da farko amsoshinsu za su yi kama kamar an tsaga kara, amma kafin zagaye na 20 sun rabu gaba ɗaya, alhali babu wanda ya yi kuskure. A nemi na'ura mai maɓallin Ans, wanda ke dawo da amsar da aka samu a ƙarshe, domin yana rage wahalar sake buga lambobi.