Kafin ka sayi lantiy a Damagaram, ga abin da na gane

Shekara uku kenan ina saka lantiy, wato tabaran nan da ake mannawa a ƙwayar ido, kuma kullum ƙawaye na tambayata wanne za su saya tunda sun gaji da luneti. To bari in faɗa muku yadda na ga abin.

Na farko dai kar ki ɗauki ordonans ɗin lunetinki ki je ki yi oda da shi, ba ɗaya ba ne wallahi. Lantiy zaune yake kan ido, luneti kuma da ɗan tazara, shi ya sa in lambar ƙarfin lunetinki ta wuce 4 ƙarfin lantiy ɗin kan bambanta da shi, ga kuma lanƙwasar ido da ake aunawa, za ki ga an rubuta BC 8.6 ko makamancin haka a jikin kwali. Likitan ido ne zai auna miki wannan, a babban asibiti ko a kilinik.

Masu laushi su ne aka fi sani, akwai na kwana ɗaya, na sati biyu, da na wata. Na kwana ɗaya ki saka da safe ki yar da dare, ba wanki ba ajiya, amma in kullum ne za ki saka kuɗin ba wasa, ido biyu kwana 30 guda 60 kenan. Na wata ya fi sauƙi a aljihu sai dai sai kin riƙa sayen ruwan wankinsa a farmasi, ki murza shi a tafin hannu kowane dare, ki zubar da tsohon ruwan ki zuba sabo, ɗan gidan ajiyar ma a canza shi duk wata uku. Kuma watan daga ranar da kika buɗe ake ƙirgawa, ko sau biyar kawai kika saka.

Ni a garin nan na kwana ɗaya na fi so, saboda ƙura. Lokacin hunturu ki hau kabu-kabu daga Birni zuwa kasuwar Dole, kafin ki sauka ido ya bushe yana miki kamar an zuba yashi. Ga batun ruwa, mu da wani lokaci sai ɗan garuwa ya kawo, ruwan jarka ko na pampo ko kusa kar ya taɓa lantiy, akwai wata ƙwayar cuta Acanthamoeba da ke zama cikin ruwa tana cin baƙin ido har ta makantar. Wajen alwala ina runtse ido sosai in zan wanke fuska, wanka kuwa sai na cire. Barci da shi ma ban yarda ba ko na rana ne.

Mai astigmat, wato wanda lanƙwasar idonsa ba daidai take ta kowane gefe ba, nasa lantiy daban ne, torik ake ce masa, ya fi tsada. Akwai kuma masu tauri, sun fi daɗewa kuma gani ya fi fita tas, amma sabo da su na ɗaukar makwanni, in ƙura ta shiga ƙarƙashinsu kuwa sai hawaye.

Masu kala da amare ke saye wajen masu kayan kwalliya su ne ke ban tsoro, ba awo ba komai, har aro ake ba juna ranar biki. Ƙanwata ta yi haka, kwana biyu ido ja zur ba ta iya kallon haske, sai da muka kai ta asibiti. In ido ya yi ja ko zafi ki cire nan take ki koma lunetinki, kwalli kuma sai bayan kin saka lantiy ɗin, kar ya shiga cikin ido.