Taga ɗaya ko kowace folda da tagarta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka saka salon "kowace folda da tagarta" a ɗan ƙaramin manajan fayil ɗin da kake rubutawa, ko ka barshi irin na burauza. To ga yadda nake ganinsu.

Na burauza kowa ya sanshi, shi ne a manajojin fayil irin su Thunar da PCManFM. Taga ɗaya ce, ka danna folda abin ciki ya canza, ga kibiyar baya da ta gaba, ga adireshi a sama. Ba wani ciwon kai, kuma kana da shi ma.

Ɗayan ne ake yawan yi wa gurguwar fahimta. Wasu gani suke da zarar kowace folda ta buɗe a sabuwar taga an gama, ina! Ƙa'idar ita ce folda ɗaya taga ɗaya tak, kuma dole tagar ta tuna yadda aka barta. Ka ja foldar hotunanka can ƙasa ta dama, ka rage mata girma, ka gangara tsakiyarta ka rufe, gobe in ka buɗe nan ɗin za ta dawo ba ƙari ba ragi, in ko tana buɗe ka sake dannata sai dai ta taso gaba, ba ta haihuwar wata. Da an kwana biyu hannu ke zuwa wurin kafin ido ya karanta suna, wannan shi ne daɗinsa. Haka Finder, manajan fayil na Macintosh, ya fito a 1984.

Amma fa ka shiga folda biyar ciki da ciki, taga biyar kenan sun cika maka sikirin. Nautilus, manajan fayil na GNOME (ɗaya daga cikin tsarin tebur na Linux), ya mai da shi salon farko a GNOME 2.6 a 2004, mutane suka yi ta ƙorafi, a 2.30 cikin 2010 aka koma na burauza. Caja, manajan fayil na teburin MATE, dai har yanzu yana da shi a saitin, ka kunna ka gwada kafin ka rubuta ko layi ɗaya.

Aikin da ke gabanka shi ne adana wuri da girman tagar kowace folda, da lissafin waɗanda ke buɗe. In da adireshin folda kawai ka adana, ana canza mata suna ta manta komai. Sai babbar matsalar, Wayland, wato sabon tsarin nuna tagogi a Linux da ke maye gurbin X11. A X11 manhaja na iya cewa a ajiye min tagata a wuri kaza, a Wayland ba ta da wannan ikon, girma za ta dawo da shi amma wuri sai inda aka ga dama aka jefa ta, rabin amfanin ya tafi kenan.

Ni dai da ni ne, na burauza zan bari a matsayin na asali, wancan in sa shi zaɓi a saitin. In za ka saka, kar ka manta da dabarar Nautilus: riƙe Shift lokacin buɗe folda ya rufe uwar tagar.