Fita shan iska a Ingila: tikiti, rigar ruwa da littafin aro

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na Sakkwato. Masu shirin zuwa karatu Ingila da iyalansu sukan tambayi yadda ake fita shan iska a nan lokacin hutu, da kuɗin da abin yake ci. Amsar ta fi dogara ga shirin da mutum ya yi tun kafin ranar fita.

A gida, wanda zai je Wurno ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ko ya nufi Argungu, tasha zai tafi, ya biya kuɗin kujera, ya jira mota ta cika. Jirgin ƙasa bai taɓa isowa Sakkwato ba, layin dogo a Ƙaura Namoda ya tsaya. A nan kuwa jirgi ne abin hawa, kuma kuɗinsa yana bin lokacin da ka sayi tikiti. Tikiti mafi arha, wanda suke kira Advance, yakan fito kusan mako 12 kafin tafiya, yana ƙara tsada kullum ranar ta matso. Sharaɗinsa mai tsanani ne: jirgi ɗaya, lokaci ɗaya. In ka makara da minti biyu ya tashi, kuɗinka sun tafi, sai ka sayi sabo da farashin ranar. Mai iyali ya nemi katin Family & Friends Railcard, fam 35 a shekara. Yana rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara kashi 60 cikin ɗari, amma dole a yi tafiyar da yaro mai shekara 5 zuwa 15. Wanda bai kai shekara 5 ba kyauta yake shiga. In jirgi ne ya yi jinkiri, kamfanoni da yawa suna mayar da wani abu daga kuɗin tun daga minti 15, sai dai sai ka cika takardar neman haƙƙinka a intanet, don haka kada ka yar da tikitin. A kula da Lahadi: ranar gyaran layi ce, sau da yawa bas ake sa mutane, tafiyar awa ɗaya ta koma biyu.

Ga mazauna Mancesta ko Shefild, wurin farawa mai sauƙi shi ne Peak District, gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya, tun 1951. Jirgin da ke tsakanin biranen biyu yana tsayawa ƙauyen Edale, daga tasha kuma da ƙafa ake kama hanyar duwatsu. Ba a biyan kuɗin shiga. Dutsen Mam Tor, mai tsayin mita 517, yara ma suna hawa. Kinder Scout mita 636 ne, samansa damɓa da taɓo, hazo yakan rufe hanya ba shiri, bai dace da sabon zuwa ba. Hanyoyin ƙafa suna ratsa gonaki da makiyaya bisa doka, akwai alamomi a wurare da yawa. Ka bi hanyar kawai, ka mayar da ƙofar shinge yadda ka same ta saboda tumaki.

Tufafi ne inda mutanenmu suka fi shan wuya. Mun saba da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, abin da muke tsoro ƙishirwa ce. A nan abin da ke kayar da mutum jiƙa ce haɗe da iska. Auduga tana riƙe gumi, ta yi sanyi a jiki, don haka shadda da wandon jins ba su da amfani a kan dutse. Ana sa riga mai saurin bushewa a ciki, ta ulu a tsakiya, rigar ruwa a sama. Wajen sayen rigar ruwa a juya cikinta: in ba a liƙe ɗinkin da tef ba, ta nan ruwa zai shiga komai tsadarta. Lema ba ta jure iskar tudu. Takalmin fatarmu, duk kyansa, santsi yake a kan jiƙaƙƙen dutse. A nemi but mai kaushin tafi, wanda ya ɗan fi ƙafa don safa mai kauri. Kowane mita 150 da ka hau, sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri ɗaya.

A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, azahar da la'asar da magariba duk kan hanya za su same ka. A riƙe tocila, ƙaramar darduma mai bayan leda, da ruwan ɗumi a fulas don alwala. Sabis na waya yana ɗaukewa a kwari, shi ya sa taswirar takarda ta Ordnance Survey mai lamba OL1 take da amfani. In an yi hatsari, a kira 999 a nemi 'yan sanda, su haɗa ka da masu ceto a duwatsu. Guzuri kuma daga gida ake haɗa shi, don naman halal yana wuya a ƙauyukan nan. Kada a ɗauko kilishi daga Najeriya, an hana shigo da nama da kayan madara, ƙwacewa ake yi a filin jirgi. Dabino da gyaɗa sun wadatar.

Abin da ya fi burge ni shi ne laburaren unguwa. Dokar 1964 ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar da shi, rajista da aro kyauta ne. Galibi takardar shaidar adireshi kawai ake nema, a ba ka littattafai na mako uku, ka sabunta ta waya in ba ka gama ba. Da katin nan za ka iya aron littafin sauraro ta manhajar Libby ko BorrowBox. A Sakkwato taskokin ilimi muna da su, ga na Waziri Junaidu, ga laburaren Abdullahi Fodiyo a jami'a, amma na masu bincike ne. Yaron Mabera ko Runjin Sambo da aka ba hutu yana bukatar inda zai taka da ƙafa ya ari littafi ya kai gida, wannan kuwa ƙaramar hukuma za ta iya yi da ɗaki biyu da ma'aikaci mai riƙon amana.

Littafin Hausa da na addini da muka saba da su kam da wuya ka gan su a kantocin nan. Mai tahowa ya ware kilo biyu ko uku cikin kilo 23 na akwatinsa, ya saye su a kasuwar Sakkwato, ya naɗe a leda, musamman in yana da yaran da yake so su riƙe karatun Hausa.