Alhaji, ka kai shi jami'a, kwas ɗin wata shida ba ya guduwa

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tsakanin digirin aikin jarida na shekara huɗu da makarantar koyon fim ta wata shida da ɗanka ya gano a Instagram, ka kai shi jami'a. Duka biyun na taɓa. Ɗaya da ita nake ci har gobe, ɗayar kuwa in na tuna abin da mahaifina ya zuba sai in ji kunya ta kama ni.

Maskom, wato aikin jarida, na karanta a Jami'ar Legas, nan Akoka. Sashen yana cikin tsofaffi a ƙasar nan, kuma gidan rediyonsu da ke kan mita 103.1 shi ne na farko da wata jami'a ta samu lasisinsa a Najeriya. Amma ba a situdiyo na gane amfanin wurin ba, a mayankar Oko-Oba na gane.

Muna aji uku aka raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya kawo dokumantari na minti goma. Mu shida ne, ni kaɗai Bahaushe. 'Yan uwan suna ta maganar a tafi Lekki a ɗauki masu ɗinkin zamani, na ce a'a, mu je nan bayan gidanmu a Agege mu bi saniya tun daga saukowarta daga tirela har ta zama nama a kan tebur. Suka ce wa zai saurare mu a can? Na ce ku dai ku zo da asuba.

Da muka isa ana cikin sauke wata tirela, fatake duk sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Wani dattijo dillali yana ganin kyamara ya ɗaure fuska, ya ɗauka 'yan haraji ne. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ya gajiyar hanya. Ya ce ɗan gidan wa? Ashe ya san babana tun kafin a haife ni. Nan take ya sa aka jawo benci. Ya fi minti arba'in yana ba mu labarin hanya daga Potiskum: yadda yaran mota ke kwana a saman ƙarafa suna gadin shanu, da dalilin da ya sa in saniya ta kwanta a cikin tirela dole a tsaya a tashe ta, in ba haka ba 'yan uwanta su tattake ta kafin gari ya waye. Abokan nawa ba sa jin ko kalma ɗaya, amma sun yi tsit.

Muka koma muka zuba a kwamfuta. Hoto fes. Sauti kuwa babu abin da ake ji sai ƙarar janareto da wasa wuƙa, don mun dogara da makirufon jikin kyamara, kuma ni na ce ya isa. Malaminmu bai saurari ko minti ɗaya ba ya cire abin kunne, ya ce mu koma, ba zai ba da maki a kan bakin da ke motsi ba a jin maganarsa ba. Mako na zagayowa muka koma da ɗan makirufon nan na maƙalawa. Ina soka shi a wuyan rigar dattijon yana dariya, wai yau kuma layar me aka kawo masa. Tun daga ranar ban sake danna ɗauka ba sai na sa abin kunne na ji da kaina.

Yanzu ka dubi abin da ya biyo baya. Cikin mutum biyar ɗin nan, ɗaya furodusa ce a wani gidan talabijin a nan Legas, ɗaya yana kamfanin talla. Duk ranar da aiki ya ratsa ta kan Hausa, ko fassarar da ake rubutawa a ƙasan fim ce, ko muryar talla, ko a je Mile 12 a yi hira da ku 'yan albasa in farashi ya tashi, ni ake kira. Aikin harkar nan ba a liƙa shi a bango, ta waya yake yawo, kuma wanda kuka kwana kuna tace hoto tare shi zai tuna da lambarka. Shekara huɗu ce ke haɗa irin wannan zumuncin.

Ga kuma abin da ba a gani a hoton talla. A jami'a za a koya masa rubuta labari a taƙaice, da yadda ake tabbatar da magana kafin a yaɗa ta, da dokar ɓata suna, da ƙa'idojin hukumar NBC mai sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin. Akwai yaran da suka iya kyamara sosai amma jimla ɗaya ta jawo wa gidansu tara. Za a kuma tura shi sanin makamar aiki, kuma a nan garin ba ya rasa inda zai je: ga Channels, ga TVC, ga LTV a Agidingbi, ga Muryar Najeriya mai sashen Hausa. Sai takarda. Da digiri zai je bautar ƙasa, kuma in aikin gwamnati ya samu a mataki na 8 zai fara. Ko ya wayi gari fim ya fita daga ransa, kamar yadda yake fita daga ran rabinsu, digirin na nan.

Ba zan ɓoye maka ba, shekara huɗun jami'ar gwamnati takan yi ƙari. Yajin aikin ASUU na 2022 daga Fabrairu ya kai Oktoba, wata takwas cur yara na gida. Kuma kada ka zaci akwai jami'ar gwamnatin da za ta miƙa wa kowane ɗalibi kyamara. Hannu a waje yake faɗawa. Ni Asabar da Lahadi masu ɗaukar biki nake bi a Agege da Idi-Araba, ina riƙe musu fitila, ana ba ni kuɗin danfo da shinkafa a leda. A can na koyi saita haske a kan fuskar amarya a ɗakin da babu taga.

Ta wata shidan, to, in an dace ana koyon danna maɓallai da wuri, iyakarta ke nan. Tawa a saman wani bene take, mu wajen ashirin a kan kyamara ɗaya, malamin kuma rabin lokacin yana lokeshan ɗinsa. Kuɗin raguna biyu masu kyau babana ya biya shekarar da JAMB ta kayar da ni, satifiket ɗin kuwa har yau babu wanda ya ce in nuna masa.

Na gaskiyar ma ba su cika karɓar kuɗi ba. MultiChoice Talent Factory tun 2018 take ɗaukar matasa a Legas ta horar da su a aljihunta, EbonyLife Creative Academy kuma da tallafin gwamnatin jihar Legas take koyarwa kyauta. Gasa ce, aikin da ka taɓa yi ake dubawa, don haka wanda ya fito daga jami'a da 'yan fina-finansa a hannu ya fi kusa da shiga. Ya nemi waɗannan daga baya.

Kafin komai, ɗauko sakamakon WAEC ɗinsa ka duba ko ya yi Adabin Turanci. Yaranmu da yawa ajin kimiyya ake cusa su don a ce ɗan wane zai zama likita, sai an zo cike fom a tarar babu Adabi, alhali Akoka ba ta ɗaukar ɗan Maskom babu shi. In babu, ya sake zama ya rubuta, ba abin kunya ba ne. A JAMB kuma maki 200 ƙofar shiga tantancewa ce kawai, kwas ɗin yana da masu nema, sai ya wuce nan da nisa. Ya kuma karanta sunan kwas da kyau, don a 2020 hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta raba Maskom gida bakwai, ciki har da watsa shirye-shirye daban, fim daban, talla daban. Wata jami'ar ta raba, wata tana nan da tsohon suna.

Akoka zan sa a zaɓin farko. Daga Mile 12 BRT ɗaya ce zuwa Fadeyi, sai ya ƙarasa ta Yaba, ko bai samu ɗaki a makaranta ba zai iya jeka-ka-dawo. LASU, jami'ar jihar Legas, tana da makarantar sadarwa mai ƙarfi, sai dai daga wajenku zuwa Ojo kullum gosulo zai cinye shi, dole a kama masa ɗaki. In maki bai kai ba, difloma a Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, ko Cibiyar Koyon Aikin Jarida da ke Ogba ta fi zaman gida, daga nan ya tsallaka jami'a. In kuwa ransa na Kannywood ne, Jami'ar Bayero ta fi kusa da masu abin, Jos kuma tana da Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Da zarar an ji Alhajin kasuwa na neman wa ɗansa gurbi, za su zo. Wani zai ce ƙanin matarsa na ofishin rajistara, a ba da wani abu a sa suna. Tun 2017 duk admishan na gaskiya ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi, yaron da kansa zai shiga ya gani, ya danna ya karɓa. Takardar da aka miƙo maka a ambulan, in ba ta fito a can ba, ta ƙunshe ƙosai ce. Haka makarantun da ke cewa suna da alaƙa da wata jami'a a Ingila ko Kanada: ka ce su nuna rajistarsu da NUC ko NBTE mai kula da kwalejojin fasaha, za ka ga an canza zance.

Kuma don Allah kada ka saya masa kyamara yanzu, ko ya yi kuka. Wayar hannunsa ta isa shekarar farko. Laftof mai ƙarfin tace bidiyo da ɗan makirufo su ne gaba. Ranar da za a sayi kyamarar, kada a bi yaran da ke tare mutum a bakin Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci, suna jan hannu. A shiga shago mai adireshi, a karɓi rasit. Ta hannu ce za a ce maka sabuwa fil daga Landan, to kyamara tana ƙirga hotunan da ta taɓa ɗauka kamar yadda mota ke ƙirga kilomita, a sa a nuna lambar. A cire gilashin gaban a haska shi da tocila, in an ga wani farin zare-zare kamar yanar gizo-gizo a ciki, danshin Legas ne ya shige shi, a ajiye musu kayansu. Batir ma ana yi masa jabu, ya yi minti goma ya mutu ana tsakar ɗaurin aure.

Abu na ƙarshe na yaron ne, ba naka ba. Hausarmu ta haihuwar Ikko ta sha Yarbanci da burokin, ni ma sai da aka dawo mini da fassara sau biyu don ban san inda ake sa ƙ da ɗ ba. Ya riƙa sauraron labaran safe na BBC Hausa yana rubutawa a littafi, ko sakin layi ɗaya a rana. Masu kyamara sun yi yawa a Surulere, amma wanda zai ɗauki hoto, ya yi hira da Hausa, ya kuma rubuta ta daidai, da wuya ka tara biyar.

Ka turo mini shi ranar Asabar bayan azahar da sakamakon nasa, akwai bikin da zan ɗauka a Agege, ina neman mai riƙe fitila.