Sharhi a Kan Rufus: Ɗora Windows 7 da XP Daga Filash, da Saƙonnin Kuskuren da Ke Tare Hanya

Har yau akwai injinan da ba sa aiki sai da tsohon Windows. Injin yankan sitika, keken surfani mai kwamfuta, tsohuwar firinta a shagon buga takardu, na'urar duba lafiyar mota, da yawansu direbobinsu, wato manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, sun tsaya ne a Windows 7, wasu ma a XP. Microsoft ya daina kula da XP ranar 8 ga Afrilu 2014, ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, amma wanda yake cin abinci da injinsa ba zai jingine shi saboda haka ba. Faifan CD kuwa ya yi wuya, kwamfutoci da dama ma ba su da gurbinsa, shi ya sa aikin ya koma kan filash, kuma manhajar da aka fi ɗauka domin haɗa filash ɗin ita ce Rufus.

Na yi aiki da shi a kan kwamfutoci iri-iri, kuma ra'ayina a kansa bai sauya ba: a Windows 7 ban ga kamarsa ba, a XP kuwa yana yi amma akwai wanda ya fi shi. Kyauta ne, Pete Batard ya fitar da shi a 2011, ƙarami ne ƙwarai, ba ya buƙatar a girka shi, buɗewa kawai ake yi. Sai dai a lura da lambar sigarsa. Daga 4.0 zuwa sama ba ya buɗewa a kan Windows 7, siga ta ƙarshe da take buɗewa a can ita ce 3.22, a kan XP da Vista kuma 2.18. Idan kwamfutar da za ka haɗa filash a kanta ita ma tsohuwa ce, waɗannan za ka nema.

Kafin ka danna komai, akwai abubuwa biyu a cikinsa da ake tsallakewa, alhali su ne suka fi rage wahala. Na farko ɗan madannin da ke kusa da inda ake zaɓar fayil ɗin ISO (kwafin faifan Windows a fayil guda), wanda yake lissafa lambobin tantancewa na SHA-1 da SHA-256 na fayil ɗin. Ka gwada su da na asali. Idan harafi ɗaya ya saɓa, to fayil ɗin ya lalace wajen saukewa ko wani ya taɓa shi. Na biyu shi ne Check device for bad blocks, wanda yake rubutu a kowane lungu na filash ya sake karantawa. Yana cin lokaci, amma shi ne yake tona asirin filash na jabu, irin wanda aka rubuta masa giga 32 alhali cikinsa bai kai haka ba. Irin wannan filash zai karɓi fayiloli lami lafiya, sai ana tsakiyar Expanding Windows files aikin ya tsaya da 0x80070570 ko 0x8007025D. Filash mai giga 8 na gaske ya isa. Idan ISO lafiya, filash lafiya, lambar kuma ta sake fitowa, to ka juya kan ram. Idan sanda biyu ce, cire ɗaya ka gwada, sannan ka musanya, ko ka bar MemTest86+, manhajar gwajin ram, ya zagaya ko da sau ɗaya ne. Layi ɗaya ja ya isa hujja.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne akwatuna biyu: Partition scheme da Target system. Rufus yakan zaɓi GPT (sabon tsarin raba rumbu) da UEFI (sabon tsarin tayar da kwamfuta, magajin BIOS) da kansa idan ya ga ISO ɗin zai iya, mutum kuma ya danna Start bai duba ba. Sai a kai filash kan kwamfuta mai tsohon BIOS, allo ya yi baƙi, rubutu ya fito a sama:

ERROR: BIOS/LEGACY BOOT OF UEFI-ONLY MEDIA

Wannan saƙon Rufus ne da kansa ya ajiye shi a filash, kuma ina yaba masa a nan, domin ya faɗi ciwon ƙarara maimakon ya bar ka da ɗigo yana ƙyaftawa a kusurwar allo. Maganin shi ne a sake haɗawa da MBR, tsohon tsarin raba rumbu, a bar Target system a kan BIOS or UEFI-CSM. Ga XP da Windows 7 mai 32-bit babu wani zaɓi sai wannan. Mai 64-bit yana iya tashi ta UEFI, Rufus ma yakan ciro masa fayil ɗin tashi daga cikin install.wim tunda faifan asali bai ajiye shi inda filash ke nema ba, amma duk da haka sai an kashe Secure Boot an kunna CSM, wato zaɓin da ke sa UEFI ya kwaikwayi tsohon BIOS, wanda wasu kwamfutocin ke kira Legacy Support. Idan babu CSM, zai tsaya cak a Starting Windows, launukan nan huɗu ko su ƙi haɗuwa ko su daskare. Ana shiga BIOS da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Jerin zaɓin tashi kuma F9 ne a HP, F12 a sauran biyun. Mai yawan aiki da kwamfutoci daban-daban zai ji daɗin Alt da E: idan aka danna su tare a cikin Rufus, filash ɗaya zai iya tashi ta hanyoyin biyu.

Ƙanin wannan kuskuren yana jira a wajen zaɓar rumbun ajiya: The selected disk is of the GPT partition style. Ma'anarsa ka tashi ta BIOS, rumbun kuma tsarin GPT ne, galibi saboda Windows 10 ne a kai a da. A nan sai a danna Shift da F10, baƙar taga ta buɗe, a rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

diskpart
list disk
select disk 0
clean
convert mbr

Ka tsaya a list disk ka dubi girman kowanne da kyau, domin filash ɗin ma yana cikin jerin, kuma ba kullum rumbun ne ke zama 0 ba. Umarnin clean ba ya tambaya, yana shafe duk rabe-raben da ke kai har da inda mai kwamfuta ya tara hotuna da takardunsa. A kwashe kaya tukuna. Kuma tsarin MBR ba ya ganin abin da ya wuce tera 2.

Yanzu ga saƙon da ya fi ɓatar da mutane, wanda kuma aka fi ɗora wa Rufus laifinsa ba da hakki ba: A required CD/DVD drive device driver is missing. Babu ruwansa da faifan CD. Windows 7 ya fito a 2009, SP1 a 2011, kuma babu direban USB 3.0 a cikinsa ko kaɗan. BIOS ne yake karanto matakin farko daga filash, da zarar Windows ya karɓi ragama sai ya nemi filash ɗin ya rasa, tunda bai san kafar da aka soka shi ba. A kwamfutocin da firosesarsu ta Intel ba ta wuce zubi na 5 ba, abin da sauƙi: cire filash daga kafa mai shuɗin harshe ka mayar kan mai baƙi, ka sake tayarwa. Idan duk kafofin shuɗaye ne, duba BIOS ko akwai xHCI Mode, wato saitin mai sarrafa USB 3.0, ka kashe shi har a gama.

Daga zubi na 6, wato Skylake na 2015, wannan dabarar ta daina ci. Intel ya cire tsohon mai sarrafa USB 2.0 gaba ɗaya, duk kafofin, baƙi da shuɗi, sun koma ƙarƙashin xHCI. A kwamfutar tebur alamar ita ce kibod da linzami su mutu a allon zaɓar harshe. A laftof kuwa kibod ɗin jikinta yakan ci gaba da aiki, sai ka ƙarasa gaba ka ci karo da wancan saƙon na direban CD/DVD. A nan ne hannun Rufus bai kai ba, kuma shi ne babban giɓin da nake gani a tare da shi: ba ya cusa direba a cikin ISO. Sai ka yi da kanka da DISM, umarnin Windows na gyara fayilolin ɗorawa. Ka kwafo boot.wim da install.wim daga jakar sources ta filash zuwa C:\w7, ka tara direbobin USB 3.0 masu fayil ɗin inf a jakar C:\usb3, ka ƙirƙiri jakar C:\mnt babu komai a ciki, sannan:

dism /mount-wim /wimfile:C:\w7\boot.wim /index:2 /mountdir:C:\mnt
dism /image:C:\mnt /add-driver /driver:C:\usb3 /recurse
dism /unmount-wim /mountdir:C:\mnt /commit

A maimaita wa index 1 na boot.wim, sannan a yi wa install.wim a kan lambar nau'in da za a ɗora, a mayar da fayilolin biyu kan filash. A faifan 64-bit na asali Professional shi ne 3, Ultimate 4, amma ka tabbatar da dism /get-wiminfo. Kada ka tsaya a boot.wim kaɗai. Idan ka yi haka komai zai tafi daidai har ƙarshe, sai a allon rubuta sunan mai kwamfuta kibod ya sake mutuwa, domin Windows ɗin da ya sauka a rumbu daga install.wim ya fito. Idan rumbun NVMe ne, wato sabon nau'in SSD, sai a cusa facin KB2990941 da KB3087873 da /add-package a maimakon /add-driver, in ba haka ba jerin rumbuna zai fito fayau. Abin da ya wuce zubi na 6, ko Ryzen, ba na ba da shawarar a wahalar da kai. Tun 2017 Windows Update ke ƙin irin waɗannan firosesoshi a kan Windows 7, direban hoto ma wuyar samu yake.

Akwai kuma Setup was unable to create a new system partition. Yawanci BIOS ne ya lissafa filash a matsayin rumbu na farko. Cire katin memori da duk wani rumbu na biyu, ka mayar da rumbun ciki saman jerin tashi, ka shiga filash ta F9 ko F12.

XP wani gari ne daban. Ya fito a 2001, lokacin rumbun IDE mai faffaɗar igiya, bai san AHCI ba, wato sabon tsarin aiki da rumbun SATA. Za ka ga shuɗin allon farko yana ta loda fayiloli a ƙasa, ya rubuta Setup is starting Windows, sai kwatsam STOP 0x0000007B, ko kuma ya ce bai ga rumbu ba sam. Hanya mafi kusa ita ce a shiga BIOS a mayar da SATA Mode daga AHCI zuwa IDE, wanda ThinkPad ke kira Compatibility, Dell kuma ATA. Bayan an gama kada a mayar da shi AHCI, lambar nan za ta dawo. Idan BIOS ɗin ba shi da wannan zaɓi, XP yana karɓar direba ta F6, amma daga fulofi kawai, sai dai a cusa direban a cikin faifan da manhajar nLite. Shi kuwa STOP 0x000000A5 rikicin ACPI ne, wato tsarin sarrafa wutar kwamfuta. Danna F7 daidai lokacin da ya nemi F6 yana tsallake shi, ba tare da wata alama a allo ba, amma kwamfutar za ta rasa barci da kashe kanta, laftof kuma ba za ta nuna cajin batir ba.

A XP ɗin ne nake ajiye Rufus in ɗauki WinSetupFromUSB. Rufus yana haɗa filash na XP, har yana da Add fixes for old BIOSes, tsofaffin sigoginsa kuma da zaɓin lambar BIOS ID, domin gardamammun madabod. Amma matsalar XP daga filash ita ce lissafin rumbuna: idan ya ɗauki filash a matsayin na farko, sai ya rubuta lambar da ba daidai ba a boot.ini, ka cire filash ka tayar, ya ce hal.dll ya ɓata, alhali fayil ɗin yana nan, wurin da aka nuna masa ne ba daidai ba. Gyaran shi ne a mayar da lambar rdisk da ke cikin boot.ini zuwa 0. WinSetupFromUSB ya fi iya kauce wa wannan, kuma yana da zaɓin da yake gano direban SATA ya miƙa shi kamar daga fulofi. Sharaɗinsa shi ne ka nuna masa jakar da I386 ke ciki, kuma ka tashi daga filash sau biyu, First part sannan Second part, ba tare da ka zare shi a tsakani ba. Fuskarsa ba ta da kyan gani kamar ta Rufus, sabon shiga zai ɗan ruɗe, amma a wannan aikin ya fi. Ka nemi faifan da SP3 ke ciki, domin XP na farko da bai da SP1 ba ya ganin abin da ya wuce giga 137. Idan kuma ya maƙale a saura minti 34 wajen Installing Devices, wata na'ura ce ta riƙe shi. Zare duk abin da ke jone ban da filash da kibod, ka kashe sauti da katin intanet a BIOS, ka sake tayarwa, zai ci gaba daga inda ya tsaya.

Abu ɗaya da ya shafe mu a nan: kada ka fara a kan kwamfutar tebur babu UPS, wato batirin da ke riƙe ta idan aka ɗauke wuta, ko laftof mai mataccen batir. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar kwafe fayiloli, kada ka yi ta faci, goge rabon ka fara daga farko.

Windows ya hau, saura direbobi. Sau da yawa ba intanet ta kebul ba Wi-Fi, saboda haka ka sauke direban katin intanet tun kafin ka goge komai, ka ajiye a filash ɗin. In ba ka san katin ba, buɗe Device Manager, danna na'urar mai alamar rawaya, shiga Details, zaɓi Hardware Ids. VEN_8086 Intel ne, VEN_10EC Realtek, VEN_14E4 Broadcom, VEN_168C Atheros, lambar DEV da ke biye ita ce ainihin samfurin. Ka duba agogo kuma. Idan kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da aka kashe, batirin madabod ne ya mutu, a yawancin kwamfutocin tebur CR2032 ne, kuma kwanan wata mara kyau yana jawo 0x80072F8F tare da ƙin buɗe shafuka. Windows Update a sabon Windows 7 yakan ba da 80072EFE har sai an saka KB3138612 da hannu, sannan KB4490628 da KB4474419 domin sa hannun SHA-2, wanda sabbin direbobi ba sa hawa sai da shi. Chrome ya tsaya a 109 a kan Windows 7, Firefox a 115 ESR. XP kuwa kada a jona shi da intanet ko kaɗan. Idan dole a jona shi da kebul da wasu kwamfutoci a shago, a saka masa KB4012598, facin da aka fitar a Mayun 2017 lokacin harin ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry, sannan a kashe raba fayiloli a cikin saitin katin.